Yatsan Manase

Lahadi, 4 ga Agusta, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na wanke hannuna sau huɗu, har yanzu akwai jini a ƙarƙashin farce. Wandon na jefa shi a durom na cinna masa wuta. Ɗamarata kuma ta tafi asibiti a cinyar Manase.

Merv, shugaban kulob ɗinmu na harbi, ya ce lallai in kawo rahoto tunda ni ce alƙalin fili. To bari in fara a nan. Layin harbi na uku, wajen sha ɗaya saura. Manase Taufa ya shigo da dariyarsa kamar kullum. Na ce, "Ɗura, ka shirya." Ya ɗura, ya sa sakatar da ke hana ta tashi, ya mai da bindigar kuben da ke ƙugunsa. Ban kai ga tambayarsa ko ya shirya ba, bindigar ta tashi. A cikin kuben.

Harsashin ya shiga ta saman cinya, ya fito ƙasan gwiwa, ya tafi da abin da ya tafi da shi. Ƙato mai kilo ɗari da ashirin ya zube kamar buhun taki. Jinin ba zuba yake yi ba, tsartuwa yake, har kan allon kwalin da ake harbi. Na zare ɗamarata na ɗaure cinyar, na soka sandar goge bindiga na yi ta murɗawa har ya kurma ihun da aka ji daga gonar rake. Duk da haka bakinsa bai daina ba: "Yi haƙuri Anti Desley, na ɓata miki gasa." Na ce ya rufe mini baki ko in ƙara masa.

Bindigar ta fice daga kuben da ya tsage ta faɗi a tsakuwa. Bindiga in ta faɗi ba mai taɓa ta sai alƙali, kowa ya san wannan. Ni na ɗauka, na sauke, na kai ta teburin duba bindiga a bayan rumfa. Kowa ya bi motar asibiti zuwa bakin ƙofa. Daga tashinta zuwa isowar 'yar sanda Saja Kearney minti goma sha ɗaya ne. Na duba agogo.

Iya abin da zan rubuta yau ke nan.

Litinin, 5 ga Agusta, tsakar rana

Na je aiki. Tarago tamanin da shida na rake na auna a sikeli kafin sha biyu, ban kuskure ko ɗaya ba. Awo sana'ata ce, shekara ashirin da uku.

Babban yatsana ya tsage a farce. Na ce wa yaran ofis ƙofar mota ce.

Laraba, 7 ga Agusta, ƙarfe shida na yamma

Saja Kearney ta zo gida da littafinta. Mace ce mai hankali, har tausayina take ji, wannan ya fi komai ƙona mini rai. Ta ce an gwada bindigar Manase. Lafiyarta ƙalau: kunama na ɗaukar kilo ɗaya da rabi kamar yadda dokar ajinsa na gasa ta ce, sakata na kamawa, ba abin da aka taɓa a ciki.

"Ke kina tsaye a kafaɗarsa," in ji ta. "Me kika gani?"

Na ce abin ya yi sauri.

"Amma ai aikinku kallon hannu ne, ko ba haka ba?"

Na ce haka ne. Na ce abin ya yi sauri. Na tashi na dafa mata shayi, na ɗauko ganyen daga sabon kwali, ban ko kusanci jan gwangwanin shayin da ke saman firiji ba.

Da ta tafi na fita bayan gida da shebur. Kwaɗi goma sha huɗu na farfasa a gindin famfo. Na yi ta dukan na ƙarshe har bayan ya daina zama kwaɗo.

Asabar, 10 ga Agusta, ƙarfe huɗu

Na je wajen wana, Yaya Santo, mai gyaran bindiga. Yana rumfarsa kamar kullum, an ɗaure bindigar wani a matsi, magagarin Baba a hannunsa. Mutumin nan in ka ba shi cokali ya riƙe maka, kafin ka juyo ya goge masa baki.

Na ce, "Me Manase ya ce ka yi masa?"

"Mariƙi. Ya ce hannunsa na zamewa."

"Mariƙi kaɗai?"

"Ke, kunamar nan tasa kamar jan tarakta take. Kyauta na yi masa. Shafawa biyu, uku, shi ke nan."

"Ka tambaye shi?"

"Wa ke tambaya kafin ya yi alheri?"

Na ce a kulob ɗin nan ko ɗaukar bindigar mutum ba a yi sai an ce, "In gani?" Wannan shi ya koya mini ina da shekara goma sha biyar, har da rankwashi. Na ce ajin Manase ajin bindigar kanti ne, mariƙi da saiti kaɗai aka yarda a canza, cikinta ba a taɓawa. Na ce ya cinye bakin ɗan ƙarfen da ke riƙe gudumar bindiga har sakata ba ta samun abin kamawa, na gani da idona, kuma na san zanen magagarin nan ko a cikin duhu.

Ya ajiye magagarin a hankali. Ya ce, "Ina ɗan ƙarfen?"

Na ce yana inda yake.

Sauran ba zan rubuta ba. Zan dai sa riga mai dogon hannu gobe, ko da rana za ta narka kwalta.

Lahadi, 11 ga Agusta, bayan gasa

An zuba sabuwar tsakuwa a layi na uku. Ta fi sauran haske, kowa na tsallake ta.

Ban yi harbi ba. Mutum uku suka tambaye ni ina bindigata, na ce tana hutawa. Iri ɗaya ce da ta Manase, shekara ɗaya muka saya, kuma tun Lahadin da ta wuce ba ta cika ba.

Talata, 13 ga Agusta, ƙarfe bakwai na safe

Minti goma sha ɗaya. Da ban iya ba ma da ya fi mini.

Alhamis, 15 ga Agusta, ƙarfe biyar

Na yi tuƙin awa biyu zuwa babban asibiti. Ƙafar tana nan, an cusa mata ƙarafa, amma gwiwar ba za ta ƙara lanƙwasawa ba. Mutumin da ke hawa saman tukunyar injin rake sau goma a rana. Matarsa Seini ta rungume ni har ƙashina ya yi ƙara, ta miƙo mini ɗamarata a wanke, a naɗe cikin takarda, da kwanon rogo da naman rago a ganye. Ta ce likita ya ce ba don ɗamarar nan ba da gawa aka kawo. Na karɓa. Na ma ce ba komai.

Da ta fita ɗebo ruwa Manase ya kamo hannuna, daidai wurin da ke ciwo.

"Anti, ke ce kike kallo. Don Allah gaya mini. Yatsana yana ciki?"

Na ce ya huta.

"Shekara tara, Anti. Ko gargaɗi ba a taɓa yi mini ba. Ni na san a miƙe na ajiye shi a gefe, kamar yadda kika koya mini. Amma sun ce bindigar lafiya take. To in lafiya take, ai ni ne ke nan."

Na ce abin ya yi sauri.

Ya saki hannuna ya zuba wa yatsansa ido, na nuni, kamar wani baƙo ne ya shigo ɗakin. Ya ce ranar ya ji kunamar ta yi laushi, ya tambayi Yaya Santo, aka ce masa mai kawai aka sa. "Mutumin kirki," in ji shi. "Ko sisi bai karɓa ba."

Na tsaya a hanya na yi amai a bakin gonar wani. Abincin Seini kuma na ba kare.

Lahadi, 18 ga Agusta, ƙarfe uku

Yau an yi abin kunya a rumfar kulob.

Seini ta zo kwashe kayan Manase daga akwatinsa. Lokacin cin abinci ne, ana gasa soseji da albasa, Yaya Santo ne a bakin wuta. Bai ga shigowarta ba. Yana ba yara sababbin shiga labari, ya ɗaga yatsa yana lanƙwasa shi: "Kun ga wannan? Shi ne ɗan iskan. Wani in ya ga kunama sai yatsa ya kama ƙaiƙayi. Ƙato har ƙato, amma sai da ya yi wa kansa kaciya a gwiwa." Wasu suka yi dariya. Merv bai yi ba, amma bai hana ba.

Seini ta taka har bakin wutar. Ta ɗauki farantin ƙarfen da albasa ke soyuwa a ciki ta kifa masa a ƙirji. Mai ya bi rigarsa yana tafasa. Ya yi ruri kamar sa, ya kai mata hannu, mutum huɗu suka danne shi a kan teburi, kwalabe suka tarwatse. Ita kuwa tana tsaye, tafinta ya ƙone, ba ta ko duba shi ba.

"Sake faɗa," in ji ta. "Sake faɗa in ji, tsohon banza."

Ni ina ina? Ina riƙe da burodi. Wallahi burodi nake riƙe da shi har aka gama. Kuma abin da ya fi ba ni tsoro, daɗi na ji da man ya sauka a jikinsa. Na so a ce fuska ta samu.

Merv ya ce kwamiti zai zauna ranar ɗaya ga wata a kan maganar Manase. In an kore shi daga kulob lasin bindigarsa ya tafi, sunansa kuma ya zauna a littafin haɗari har abada: sakaci da yatsa. Ya ce rahotona kaɗai ake jira. Na ce yana zuwa.

Talata, 20 ga Agusta, ƙarfe shida

Na zauna rubuta rahoton. Na rubuta kwanan wata, na rubuta layi na uku. Biro ya huda takardar.

Akwai abin da ban faɗa ba ko a nan. Da safiyar ranar ni ce a teburin tantance kaya. Kowace bindigar ajin kanti sai an rataya mata ƙarfen awo a kunama, in guduma ta faɗi ba ta shiga gasa. Layi ya yi tsawo, rana ta fara zafi, Manase ya miƙo tasa. Na ce, "Kai da ko mai sai an roƙe ka kake sa mata, me zan auna?" Na manna masa takardar shaida, muka yi dariya, ya wuce. Ƙarfen awon yana nan kusa da gwiwar hannuna. Daƙiƙa biyar zai ɗauke ni.

Don haka kada in yi wa kaina ƙarya cewa Yaya Santo kaɗai na rufa wa asiri.

Alhamis, 22 ga Agusta, da safe

An fasa gilashin motata, an birkice akwatin gaba. An buɗe rumfata an zazzage kowane gwangwanin ƙusa a ƙasa. Yaya Santo ne, amma kicin bai shiga ba. Tun muna yara bai taɓa sanin inda ake ajiye shayi ba.

Asabar, 24 ga Agusta, ƙarfe biyu

Ya zo da kansa, ƙirji a naɗe da bandeji, ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu. Yau ba faɗa ya kawo ba.

"Ƙanwata, wa ya ɗauko ki daga makaranta ranar da tarakta ta danne Baba?"

Na ce shi.

"Wa ya sayar da babur ɗinsa ya saya miki bindigar farko?"

Na ce shi.

"An taɓa yi mini gargaɗi a kan gyara, kin sani. In wannan ta fito, ba kora kaɗai ba ce, kotu ce. Shekarata sittin da shida. Ba mata, ba ɗa. In aka kwashe bindigogin nan me zan tashi in yi da safe? Shi yaron ai ƙafar ta riga ta tafi, maganarki ba za ta dawo da ita ba."

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, shi ya sa na ji kamar in rufe ƙofar a kan yatsunsa. Na ce ya tafi. Ya ce in jefa ɗan ƙarfen a kogi, kadoji su cinye. Na ce zan duba.

Na tsane shi. Na kuma soya masa ƙwai kafin ya tafi, don na ga bai ci komai ba.

Litinin, 26 ga Agusta

Kogi. Na je har bakin gada na dawo da abina.

Laraba, 28 ga Agusta, ƙarfe biyar da kwata

An sallamo Manase jiya. Seini ta kira ni daga wurin aiki, ta ce in zo, ni kaɗai yake jin maganata.

Na same shi a baranda, ƙafa a miƙe kan kujera, hannun dama a naɗe. Seini ta ja ni kicin. Ta ce da safe ta ji ƙara, ta fito ta tarar ya ɗora yatsan a bakin matakala yana dukansa da gindin sandar tafiyarsa. Bai tsaya ba sai da ta faɗa kansa. Karaya biyu. Ta ce yana duka yana cewa, "Kai ne, kai ne." 'Yarsu ƙarama tana kallo ta taga.

"Anti, yi masa magana. Ce masa kowa na kuskure."

Na fita na zauna kusa da shi. An ɗaure yatsan da ɗan katako, a miƙe sambal. Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, kowa na kuskure.

Ya ce, "Na gode, Anti."

Na gode. Ni ya ce wa na gode.

Juma'a, 30 ga Agusta, ƙarfe shida na yamma

Na sauko da jan gwangwanin, na zazzago ɗan ƙarfen. Na buɗe akwatin ƙarfe na fito da bindigata, na shimfiɗa tawul a teburin kicin. Wannan karon ban yi sauri ba, farcena bai tsage ba. Minti ashirin.

Na gwada sau ɗaya, ba harsashi, bakinta na kallon bangon bulo. Guduma ta faɗi da kanta.

Lahadi, 1 ga Satumba, ƙarfe shida saura

Bakina a kumbure yake, haƙori ɗaya na gaba ya tafi, amma hannuna lafiya, don haka zan rubuta duka.

Kwamiti ya zauna lokacin cin abinci. Mutum biyar, da Merv a tsakiya. Manase ya zo da sanduna biyu, Seini na gefensa. Ya riga ya rubuta takardar ajiye lasin da hannun hagu, don kada a wahalar da kowa, in ji shi. Yaya Santo yana can baya, ya jingina da firiji.

Merv ya ce, "Desley, rahoto."

Na ce rahotona yana cikin jaka, kuma ba a fito da bindiga a rumfa, sai su biyo ni teburin dubawa. Suka dubi juna. Amma doka doka ce, suka tashi, har da masu cin soseji. Sai da muka jira Manase ya tsallaka tsakuwar.

Na fito da bindigata, baki na kallon tudun ƙasa, na buɗe ta. Na ce, "Merv, duba." Ya leƙa ya ce babu komai. Na ja guduma, na sa sakata, na miƙe yatsana a gefe yadda kowa zai gani, na tura ta kube.

Ƙas.

Ba wanda ya yi motsi. Na sake. Ƙas. Na uku ma haka. Na miƙa wa Merv ƙarfen awo na ce ya rataya. Bai ma gama sakin nauyin ba guduma ta faɗi.

Na ce, "Ɗan ƙarfen da ke cikin nan na Manase ne. Nawa yana cikin tasa, a wajen Saja. Ni na musanya su a kan teburin nan ranar, kuna bakin ƙofa. Ni ce kuma ban auna ta da safe ba. Wanda ya ci shi da magagari ba tare da an sa shi ba, ga shi can tsaye."

Na rufe bindigar a jaka tukuna, na ja zif. Na gode wa Allah da na yi hakan, don ban ga tahowarsa ba. Dunƙulen farko ya same ni a baki, na biyu a kunne, kaina ya bugu da gefen teburi. Na ji haƙorin a kan harshena kamar ƙwayar masara. Yana ihu, "Ni na raine ki! Ni na raine ki, 'yar banza!" Na kama bandejin ƙirjinsa na finciko da iya ƙarfina, har da fatar da ta fara warkewa. Ban yi nadama ba, kuma har yanzu ban yi ba. Mutum shida suka raba mu.

Merv ya kira Saja Kearney. Sannan ya juyo ya ce, "Desley, an fitar da ke." Ya cire mini hular alƙali da kansa. Na ce daidai ne.

A wajenmu wanda aka fitar daga gasa ba ya tafiya gida ya yi fushi. Tsayawa yake ya liƙe ramukan allo, ya tsince kwanson harsashi, har a tashi. Mutum nawa na sa suka yi haka a shekara goma sha takwas? Saja ta ce sai ta yi awa ɗaya kafin ta iso, don haka na ɗauki naɗin takardar liƙi na nufi layi na uku, jini na ɗiga a rigata. Yaya Santo kuwa ya shiga motarsa ya zauna, bai tayar ba.

Ina cikin liƙi na ji ƙarar sanduna a tsakuwa. Manase ne, shi kaɗai. Ya tsaya daidai kan sabuwar tsakuwar nan mai haske. Ba dariya a fuskarsa, ban taɓa ganinta haka ba.

Ya ce, "Ranar Laraba, a baranda, kin sani?"

Na ce na sani.

"A asibiti ma?"

Na ce tun kafin motar asibiti ta kai kwalta.

Na so ya ɗaga sandar nan ya sauke mini a ka, da na tsaya masa. Bai yi ba. Ya ɗago hannun dama, da ɗan katakon da farin ƙyalle, ya riƙe shi a tsakaninmu.

"To faɗa mini yanzu. Da bakinki nake so in ji."

Na ce, "Haka yake ranar. A miƙe, a gefe, kamar yadda na koya maka. Ko kusa da kunama bai je ba."

Ya dubi yatsan. Ya kai shi bakinsa ya riƙe a nan, kafaɗunsa na girgiza. Da ya gama ya share fuska da gefen hannu, ya gyara sandunansa.

"Ki dawo wa Seini da kwanonta," in ji shi. "Ki ajiye a bakin ƙofa. Kada ki ƙwanƙwasa."

Bai ce Anti ba.